Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da jami'o'inmu: a koya ma ɗiyanmu sanin ƙasar da birnin ga yake zaune a kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, ranka shi daɗe, da kwamishinonin da ke kula da ruwa da muhalli da filaye, da malamanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ina gaishe ku da aiki, Allah shi taya ku riƙo.

Ni ɗan garin ga ne, sana'ata haƙar burtsatse, kuma na ɗan taɓa karatun jiyoloji wato ilimin sanin ƙasa da duwatsu da ruwan da ke kwance cikinsu kafin in shiga bin injin haƙa. Abin da ya sa na ɗauko wagga magana shi ne kullum birnin Sakkwato ƙara faɗi yake yi, ta Arkilla da Bado da Kalambaina, ta More, ta Gagi da Tamaje, ta hanyar Dange, ko ina ka duba fuloti ake yankawa ana buga bulo ana kiran mai inji ya zo ya huda ƙasa, amma mutanen da sunka san abin da ke ƙarƙashin fulotin nan ba su ƙaruwa yadda gidaje ke ƙaruwa. Roƙona guda ne, a haɗa hannu tsakanin gwamnati da makarantu da mu 'yan sana'a da mutanen unguwa a horar da matasan garin ga su zama masana ƙasar garin ga, kuma a yi horon a bakin aiki cikin unguwanni.

Ranka shi daɗe, ƙasar Sakkwato ba ƙaramar ƙasa ba ce a wajen masana. Duk wanda ya karanta jiyoloji a Najeriya, ko a Ibadan ko a Nsukka ko a Zariya, sai ya haddace sunayen garuruwanmu kafin a ba shi digiri, don hawa-hawan ƙasar wanga yanki da sunayen garuruwanmu anka raɗa masu. Akwai shimfiɗar Gundumi can ƙasa, sai Taloka da Dukamaje da Wurno, sai Dange, sai Kalambaina mai farin dutse, sai Gamba, sai ta Gwandu a sama. Shimfiɗun nan sun ɗan kishingiɗa ne zuwa arewa maso yamma suna nutsewa ta wajen Nijar, shi ya sa ƙasar da ka gani a fili a Wurno in ka zo yamma sai ka yi haƙa mai zurfi kafin ka tarar da ita. Shekaru wajen miliyan 60 da sunka wuce teku ne ya rufe wurin ga, har yau in ka tona a Kalambaina ko Dange za ka ga ɓawon halittun ruwa da haƙoran kifi sun zama dutse. Farin dutsen nan shi ya jawo kamfanin siminti da anka kafa a 1962 ya fara aiki 1967, kuma ruwan da ke tsattsafowa daga jikinsa shi ke ciyar da tafkin Kware. Ɗalibai daga nesa suna hawo mota su zo su duba, yaron da anka haifa a Kalambaina kuwa yana wuce ramin kullum ba wanda ya taɓa ce mashi ga abin da yake kallo.

To bari in faɗi abin da ya fi ci min rai a sana'armu. Duk burtsatsen da anka haƙa, ƙasa tana ba da labarin kanta kyauta. Yayin da inji ke sauka, abin da yake niƙewa yana fitowa sama tare da laka, kuma yadda anka koya mana shi ne kowace mita 3 ko makamancin haka a ɗebi kaɗan a jera a ƙasa, a rubuta nan jan marmara ne, nan farin dutse, nan baƙar laka mai danƙo, nan rairayi mai laushi, nan tsakuwa, a rubuta inda anka fara cin ruwa da inda anka sa bututu mai raga, in an gama a jawo ruwa na wasu awoyi a ga nawa yake bayarwa kuma nawa yake sauka, sannan a kai ruwan a auna shi. Wagga takarda ita ce dukiyar. Amma mi ake yi yau? Mai gida yana tsaye yana jiran ya ga ruwa ya ɓullo a yi kabbara, mai inji yana sauri don akwai wani aiki da ke jiransa, ruwa na fitowa sai a tattara kaya a tafi, ƙasar da ta fito yara su tattake ta kafin la'asar. Gobe maƙwabcinsa zai haƙa nasa, daga farko za a sake lalube kamar ba a taɓa huda unguwar ba. Da a ce duk ramin da anka yi a birnin ga cikin shekara 20 da sunka wuce an rubuta shi an aje wuri guda, wallahi da yau muna da taswirar ƙarƙashin Sakkwato layi-layi, wadda za ta gaya ma mai fuloti tun kafin ya kashe kuɗinsa cewa nan mita kaza za ka yi, ga irin ruwan da za ka samu.

An taɓa yin irin wanga aiki da gaske. A shekarun 1960 masana daga Amurka tare da ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta Najeriya sun bi yankin Sakkwato suna haƙa suna aunawa, rahotonsu ya fito 1973, su sunka fayyace cewa a shimfiɗar Gwandu akwai wuraren da ruwa ke hawowa da kansa ba tare da famfo ba. Har yanzu malamai da 'yan sana'a suna komawa ga wanga rahoto. Amma lokacin ina Mabera ta yau, ina Gidan Igwai ta yau, ina dubban masai da sokawe da anka gina tun daga lokacin?

Kuma rashin sanin nan kuɗi yake ci, wani lokacin lafiya. Rairayin shimfiɗun Wurno da Taloka laushi gare shi ƙwarai, in ba a zaɓi raga daidai ba kuma ba a zuba tsakuwar tacewa yadda ya kamata ba, sai burtsatse ya riƙa zuƙo rairayi, sumo wato famfon da ake sakawa cikin ramin ya ƙone, mai gida ya saya wani ya sake ƙonewa, ƙarshe ya koma sayen ruwan kura da jarka bayan ya kashe kuɗin da ya tara shekara da shekaru. Wani wurin ruwan ja yake yi in ya kwana a bokiti saboda ƙarfen da ke ciki. Wanda ya fi tsoratar da ni shi ne na ruwan sama-sama da ke cikin farin dutse, don dutsen nan tsage-tsage gare shi, ƙazanta tana bi ta ciki da sauri ba ta tsayawa ta tace kamar yadda take yi cikin rairayi. Shawarar da masana lafiya sunka saba bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, to don Allah a cikin gari inda gida ke manne da gida, wane fuloti ne ke da wagga tazara? Na sha zuwa aiki in ga inda mai gida ya nuna a haƙa taku kaɗan ne tsakaninsa da sokawen maƙwabci da ke bayan katanga, in ka yi magana ya ce ai nan ne kawai inji ke iya shiga. Akwai dabara, a toshe saman ramin da siminti har a wuce ruwan farko a je na ƙasa, amma sai wanda ya sani kuma ya damu zai yi.

Haka maganar ambaliya. Duk ɗan Sakkwato da ya yi wayo bai manta watan Satumban 2010 ba, lokacin da gulbin Rima ya cika ya batse ya ci garuruwa da gonaki daga Goronyo ya gangaro, ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin jami'a na dindindin. Shekara 8 bayan haka, a 2018, madatsar Goronyo ɗin dai, wadda anka gina ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta janye har ana cewa kashi 10 cikin 100 kaɗai ya rage, hankalin kowa ya tashi don ruwan famfon birni da ita ya dogara. Gari ne da ruwan samansa na shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma duk cikin wata 4 yake zuba, wani lokacin rabin na wata a dare guda. Irin wanga gari yana buƙatar mutanen da aikinsu kenan su san ina ruwa ke bi in ya sauko, wane kududdufi ne in an cike shi anka yi gini ruwan zai koma ɗakin mutane, wace laka ce ta fadama ke kumbura da damina ta tsuke da rani har ta tsaga bango. Mutanen Mabera ba sai an ba su labarin kwanciyar ruwa ba. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet tana fitar da na damina, amma hasashen na faɗin yanki ne, wanda zai sauko da shi zuwa layi kaza bayan masallaci kaza sai ɗan unguwa da anka horar.

Abin da na lura da shi, ranka shi daɗe, ilimin yana nan, a rarrabe yake. Akwai tsofaffin masu ginar rijiya, waɗanda sunka shiga cikin ƙasar garin ga da jikinsu da igiya da ɗan gatari, tsoho zai dubi ƙasar da anka fito da ita ya murza a yatsa ya ce saura gaba biyu a cin ma ruwa, kuma haka za a yi. Garin da ke da unguwa mai suna Rijiyar Ɗorowa ai ya san darajar waɗannan bayin Allah. Suna ta tsufa suna rasuwa, ɗiyansu sun koma kabu-kabu da tuƙin agwagwa da buje, ba wanda ya zauna da su da biro da takarda. Sannan akwai ɗalibai da ke fitowa da digiri da difloma, sun san sunan kowace shimfiɗa da shekarunta amma da yawa ba su taɓa tsayawa gaban inji daga safe har dare laka na fallatsar masu ba. Sai mu masu inji, muna da hannu da ƙwarewa, rubutu da aunawa ne sunka yi mana ƙaranci, kuma da yawan injinan da ke aiki nan ma'aikatansu baƙi ne, in rani ya ƙare su tafi da abin da sunka gani a kansu.

Shi ya sa nake roƙon gwamnati ta sa doka mai sauƙi. Duk wanda zai haƙa burtsatse cikin birni da kewaye ya yi rajista, ba don a tatsi kuɗinsa ba don Allah, in anka mayar da abin hanyar haraji to ya mutu tun ranar farko, mutane za su koma haƙa da dare. Sharaɗin rajistar kawai ya zama cewa za a turo matasa 2 masu koyo su tsaya a kan aikin daga farko har ƙarshe, ɗaya ɗalibin jami'a ko kwaleji, ɗaya ɗan unguwar da ake aikin, su ɗebi ƙasa su rubuta su ɗauki lambar wurin da waya, su ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaji, kofi guda na takardar a ba mai gida, guda ya tafi ma'ajiyar jiha, guda ya tafi jami'a. Ai akwai tsarin SIWES da hukumar ITF ta kawo tun 1973 don ɗalibai su je koyon aiki, kuma kowa ya san yadda wasu ke ƙare watanninsu a zaune kan benci a ofis ana aikensu sayen abinci, ƙarshe a sa masu hannu a littafi. Ga aiki na gaske a bayan gidansu.

Kuma kar a ce sai mai digiri. Yawancin aikin ga na mai takardar sakandare ne in ya samu horo na wata 6 zuwa shekara, ya iya auna zurfin ruwa a rijiya duk wata, ya iya jan waya da kafa ƙarafunan na'urar da ke auna ƙasa da lantarki kafin a haƙa, ya iya gwajin ruwa na farko da 'yar na'urar hannu, ya iya sa bayanai a kwamfuta su hau taswira, ya iya gyaran sumo da sola. Kwalejin kimiyya da fasaha za ta iya tsara kwas ɗin ta ba da shaidar da ake ganewa, malaman jami'a su duba ingancinsa, tsofaffin masu ginar rijiya a ɗauke su a matsayin malamai a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami, a zaunar da su a gaba ba a bayan aji ba.

Wajen zaɓen yaran kuma a bi ta hannun masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, a kafe sunaye a fili kowa ya gani. In anka raba gurbin ta hanyar da ake raba wasu abubuwa, za a samu sunaye a takarda ba kowa a bakin rami.

Akwai abin da nake so a ba muhimmanci na musamman, wato 'yan mata da matan aure. Yawancin rijiyoyin cikin gari a tsakar gida suke, ni namiji ba ni shiga, ɗalibi namiji ba ya shiga, kuma daidai ne haka al'adarmu da addininmu sunka tsara. To wa zai auna ruwan da yara ke sha? Mace ce za ta yi sallama ta shiga, ta ɗebi ruwan rijiya da na randa, ta ga tazarar rijiya da makewayi da idonta, ta zauna da uwargida ta ji ko ruwan ya canza ɗanɗano bana, ko yara na yawan gudawa in damina ta faɗi. Matan gida sun fi kowa sanin halin ruwan gidansu don su ke wanki da girki da shi. Muna da 'yan mata da sunka karanta kimiyya suna zaune, wanga aiki ne da za su yi cikin unguwarsu da rana su koma gida, iyaye da mazaje ba za su ƙi ba in an zo masu ta hanyar da ta dace.

Na san za a ce ina kuɗi. Yaron da za a tsayar a rana wuni guda dole a ba shi na mota da na abinci, in ba haka ba ɗiyan masu hali kaɗai za su iya, su kuwa ba su za su zauna cikin sana'ar ba. Kamfanin simintin da ke cin dutsen Kalambaina, wanda yanzu ke ƙarƙashin BUA, yana da masana ƙasa da ɗakin gwaji da ramin da ya fi kowane allo nuna shimfiɗun ƙasa, ina roƙonsu su buɗe ƙofa ga masu koyo su kuma ɗauki nauyin wasu. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima tana nan garin da injiniyoyinta da tsofaffin bayanai. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aikinsa kenan gyaran ƙasa da ruwa. Duk kwangilar magudanar ruwa ko titi ko rukunin gidaje da gwamnati za ta bayar, a rubuta ciki cewa ɗan kwangila zai ɗauki masu koyo. Sannan tun kafin a fara a faɗi inda za su in sun gama, hukumar ruwa ta jiha, hukumar ruwan karkara, hukumar tsara birni, ofishin taswirar filaye, ƙananan hukumomi 23 kowace ta samu ko mutum 2 da sunka san ƙasa, sauran a taimaka masu su haɗa kai su sayi na'urar safiyo su ci gashin kansu. Horon da ba aiki a ƙarshensa mun gan shi da yawa, hoto da satifiket ne a koma gida.

Malamaina na jami'a, Allah shi ƙara maku daraja, ku ma ina da ƙorafi mai ladabi. Ɗalibai suna zuwa unguwa su ɗebi ruwan rijiyar mutane don aikin kammala karatu, a rubuta da Turanci a ɗaure da baƙin bango a aje a kanta, mai rijiyar har abada ba zai ji mi anka gani ba, ko da an ga abin da zai cutar da iyalinsa. Wanga bai dace ba. Duk wanda anka ɗebi ruwansa a koma a gaya mashi da Hausa, a rubuce da boko ko ajami, a kuma kira taro a ƙofar mai unguwa a yi bayani. In mutane sunka ga amfanin, su da kansu za su riƙa kiranku. Mun ga abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, yadda gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum ta kashe yara aƙalla 400, kuma an ɗauki lokaci kafin a gane daga ƙasa cutar take. Da akwai ko mutum guda a garuruwan da anka koya ma cewa dutse na iya ɗauke da guba, da wataƙila an farga da wuri. Mu ma muna da majema da marina da wuraren fasa tsofaffin batura da juji a tsakiyar gidaje, duk ruwansu ƙasa yake shiga.

'Yan uwana masu inji, na san wasunmu za su ji tsoron takarda don za ta nuna in an ce an yi mita 80 alhali 60 anka yi. To wanda ke aikin gaskiya takardar kariya ce gare shi ranar da mai gida zai zo da ƙorafi, kuma ita za ta bambanta shi da mai ha'inci a idon masu ba da aiki. Ni dai injin da nake aiki a kai a shirye yake ya karɓi masu koyo.

Ina kuma miƙa kokon bara ga Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Allah shi ƙara ma Sarki lafiya, don in umurni ya fito daga fada zuwa ga uwayen ƙasa da masu unguwanni cewa a buɗe ma yaran ga ƙofa, ba gidan da zai hana.

Ba sai an jira babban kasafi ba, ranka shi daɗe. A zaɓi unguwa 2, guda ta cikin gari mai tsofaffin rijiyoyi guda ta sabbin fulotai, a fara da ranin bana tun da lokacin ne haƙa ke yawa kuma ruwan ƙasa ke kai iyakar saukarsa, a ɗauki matasa 30 maza da mata, a haɗa su da malamai 2 da tsofaffin masu ginar rijiya da injinan da sunka yarda. Kafin ruwan farko ya sauka a kira taro a buɗe taswirar gaban mutanen unguwar su duba su gyara inda anka yi kuskure, daga nan gwamnati ta yanke ko a faɗaɗa zuwa sauran unguwanni.

Allah shi ba ku ikon dubawa, shi ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Naku, wani mai sana'ar haƙar burtsatse a birnin Sakkwato.